Maganar tayoyin robot ɗinmu: ban yarda a sayo suwab ba

'Yan'uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman 'yan tsangayar injiniya da duk wanda ya sa hannu a aljihu ya ba da gudummawar robot ɗin gasa. Rubutun nan zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Ban yarda a ɗauki kuɗin da aka tara a sayo tayoyin suwab daga Amurka ba. Ban yarda a bana ba, kuma da wannan kuɗin ban yarda ba. A zaman kwamiti an ce lokaci ya ƙure, to ga hujjojina a rubuce, inda babu mai buga tebur ya ce a taƙaita.

Da yake ba 'yan injiniya kaɗai suka ba da kuɗi ba, akwai 'yan shari'a, akwai 'yan harhaɗa magunguna, akwai 'yan'uwanmu mata na sashen jinya da suka rage kuɗin cefanensu, ya kamata kowa ya san abin da ake shirin saya da guminsa. Robot ɗin gasa ba irin mutum-mutumin fim ba ne mai kai da ƙafafu. Akwatin ƙarfe ne a kan tayoyi, da hannu a samansa wanda yake ɗaukar ƙwallo ko wani abu ya kai inda za a ba shi maki. Duk rigimar nan a kan tayoyin take.

Tsari mafi sauƙi shi ake kira tanka, saboda irin tafiyar tankar yaƙi yake yi, ko ta katafila. Tayoyin dama a haɗe suke da sarƙa ko bel, na hagu ma haka. Kana son gaba, ka ba ɓangarorin biyu wuta daidai. Kana son kwana, ka rage wa ɗaya. Ka tura dama gaba, hagu baya, sai ya juya a inda yake tsaye. Masu dabara suna sa taya shida, su sauke na tsakiya ƙasa kaɗan, kamar milimita 3, don ya riƙa juyawa a kansu ba tare da sauran sun yi ta gurzar ƙasa ba. Shi kenan fa. Abu ɗaya ne ba ya iyawa, ba ya tafiya gefe, sai ya juya fuskarsa tukuna.

Shi kuwa suwab, kowace taya gashin kanta take ci. Kowace ɗaya tana da injin lantarki biyu: ɗaya yana murza ta ta yi gudu, ɗaya yana karkata ta ta fuskanci inda ake so, kamar a ce kowace taya da sitiyarinta. Ƙafa huɗu, inji takwas kenan. Da haka robot zai yi gefe kamar ƙaguwa, zai nufi kusurwar fili yana juyi a lokaci guda, kuma in an sa masa jairo, wato 'yar na'urar da ke gaya masa inda fuskarsa take kallo, direba ba ya ma damuwa da ina ne gaba ina ne baya. Ya tura sanda gaba, robot ya yi nesa da shi, ko da bayansa ya juya masa.

Abin sha'awa ne, wallahi. Ni ma na kalli bidiyon da ake ta turowa guruf, wasu har sau uku. Kuma kada wani ya je ya ce na ce tanka ta fi suwab. A shimfiɗaɗɗen fili, a hannun ƙwararren direba, da ƙungiyar da ta san kayanta, suwab ya fi. Ko mekanam ɗin da wani ɗan'uwa ya kawo a matsayin sulhu bai kama ƙafarsa ba. Wannan ita ce tayar da wani injiniyan Suwidin mai suna Bengt Ilon ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, mai ƙananan gangunan roba jere a karkace a bakinta. Tana tafiya gefe, amma riƙonta a ƙasa ba shi da ƙarfi, wani robot ya bangaje ka sai ka zame kamar wanda ya taka ɓawon ayaba. Ita ma ba na goyon bayanta, sai dai ba ita za ta cinye mana asusu ba, don haka na wuce ta.

Abin da nake so masu turo bidiyo su tsaya su duba shi ne: su wane ne a cikin bidiyon, kuma ta yaya suka kai nan?

Yawancin abin da kuke gani daga gasar FIRST ne ta Amurka. Dean Kamen ne ya kafa ƙungiyar a 1989, aka yi gasar farko a 1992 a ɗakin wasannin wata makarantar sakandare a garin Manchester na jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28. Eh, 'yan sakandare ne, sai dai a bayansu akwai injiniyoyi manya da kamfanoni masu ɗaukar nauyi. Suwab ba sabon abu ba ne a wurinsu. Tun 1998 ƙungiya mai lamba 47, Chief Delphi, ta shigo fili da shi. Amma aka yi kusan shekara ashirin 'yan tsiraru ne kawai ke taɓa shi. Ƙungiya mai lamba 16, Bomb Squad, tana cikin waɗanda suka dage a kai, har tana cikin ukun da suka ɗauki kofin duniya a 2012. Sauran dubban ƙungiyoyin fa? Tanka suke tuƙawa. Ba don ba su ga suwab ba, ba don ba su da kuɗi ba. Sun san wahalar ƙera shi, sun san nauyinsa, sun san yadda yake cin lokaci.

Ku ɗauki ƙungiya mai lamba 254, Cheesy Poofs ta jihar Kalifoniya, wadda duk mai bin harkar nan ya san sunanta. Ta ɗauki kofin duniya a 2014 da 2017 da 2018 a kan tanka. A 2018 ɗin ma ko wasa ɗaya ba a ci ta ba tun daga farkon kaka har ƙarshe. Sai a 2022 ta shiga gasa da suwab, ta kuma sake ɗaukar kofi. Masu goyon bayan saye suna kawo 2022 a matsayin hujjarsu. Ni kuma ina kawo shekarun da suka gabace ta. Mutanen da suke da wokshof ɗin da tsangayarmu gaba ɗaya ba ta da irinsa sun yi haƙuri har sai da abin ya nuna. Mu da ko robot ɗaya ba mu taɓa kai wa fili ba, mu ne za mu fara daga inda suka ƙare?

Me ya sa suwab ya cika fili daga baya? Kasuwa ce ta canza. Wajen 2019 aka fara samun ƙananan injinan lantarki marasa burushi masu ƙarfi, irin su NEO, sai Falcon 500, daga baya Kraken X60. Kamfanoni irin su Swerve Drive Specialties da West Coast Products da REV Robotics suka fara sayar da ƙafar a shirye, ka ɗaura kawai. Daga 2020 kuma aka soke dokar da ke tilasta wa ƙungiyoyi su rufe robot a leda bayan mako shida na gini, sai lokacin atisaye ya ƙaru. Yaro a can in haƙorin giya ya karye masa yau, zai yi oda, kafin mako ya zagayo sabo ya iso ƙofar makarantarsu. Wannan shi ne abin da bidiyo ba ya nuna muku, kuma shi ne abin da ba za mu iya sayowa a kwali ba.

Mu zo kan kuɗi, tunda a zaman an yi ta kewaye-kewaye. Ƙafa ɗaya irin MK4i, wadda aka fi nuna mana, dala ɗari uku da wani abu ce, kuma ƙarfen ne kawai, babu inji a jiki. Ka ninka huɗu. Ka kawo inji takwas, kowane da na'urar sarrafa shi. Ka kawo inkoda huɗu, masu gaya wa kwamfuta kwanar da kowace taya take ciki. Ka kawo jairo. Ko da mafi arahar injinan ka zaɓa, lissafin ya wuce dala 2,000, nesa ba kusa ba, kuma ban sa kuɗin jirgi ba, ban sa kwastam ba. Ban sa roboRIO ba, kwamfutar da aka rubuta manhajar gasar dominta, ita ma ɗaruruwan daloli ce. Ban sa ƙafa ta biyar ta ko-ta-kwana ba, wadda duk ƙungiya mai hankali take ajiyewa.

Kowa a nan ya san abin da ya sami naira tun watan Yunin 2023. Dalar da ake samu a ɗari huɗu da sittin a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Mu tsaya a 1,500 ɗin, mu kuma tsaya a dala 2,000 ɗin da na ce an wuce ta: naira miliyan 3. Ɗalibin da ke karɓar kuɗin aljihu na NELFUND naira 20,000 yake samu a wata. Miliyan 3 kuɗin wata guda ne na ɗalibai 150. A tayoyi kawai. Hannun da zai ɗauki ƙwallo, wanda shi ne mai kawo maki, ko noti ɗaya ba a saya masa ba. Kuɗin motar da za ta kai mu wurin gasa ma ba a yi maganarsa ba. Wannan ai ɗaukar Dala ba gammo ne.

An ce za a nemo cikon daga wani babban mutum a gida. To Allah ya sa. Amma in har akwai wanda zai ba mu miliyoyi, ni da firintar 3D da injin huda ƙarfe da injin walda da mita mai kyau zan roƙe shi, kayan da za su yi wa ɗaliban da ko jarrabawar JAMB ba su zana ba tukuna amfani.

Sannan akwai ƙasar da za a taka. Filin FIRST kafet ne shimfiɗe, kamar mita 8 a faɗi, 16 a tsawo, sumul. Don shi aka ƙera ƙafafun nan: taya inci 4, wato kamar santimita 10, giyoyi a buɗe, shafe da giris, 'yan yatsu kaɗan tsakaninsu da ƙasa. Mu a ina za mu yi atisaye? Barandar tsangaya mai fasasshen siminti, ko filin ƙwallon kwando in 'yan wasa sun tashi. Yashi ya haɗu da giris, kowane ɗan kanikanci ya san abin da zai biyo baya, haƙoran giya za su yi ta cin junansu. Ga danshin garin nan da ko makullin ɗaki ba ya bari sai ya yi tsatsa. Kuma masu shirya gasarmu ba su fitar da zanen fili ba tukuna. In aka sa tudu ko shinge fa? Ko a Amurka, a gasar 2016 da aka cika fili da shingaye, mafi yawan ƙungiyoyi tanka suka yi da manyan tayoyi masu iska. Za mu zuba miliyoyi a kan takalmi, ba mu san ko kwalta za mu taka ko burji ba.

Wani ɗan'uwa daga sashen kwamfuta ya ce shi lissafin ba ya ba shi tsoro. Gaskiyarsa. Lissafin ne ma mafi sauƙi a cikin lamarin. Ka ɗauki gudun da kake so robot ya yi, ka haɗa da abin da juyinsa zai ƙara a wurin da kowace taya take, abin da ya fito shi ne kibiyar wannan tayar: tsawon kibiyar shi ne gudunta, inda ta nuna shi ne kwanarta. Ɗan aji biyu da bai yi barci a lakcar lissafi ba zai warware shi a takarda ɗaya. Akwai dabaru biyu da ake ƙarawa. In wata taya ta nemi gudun da ya fi ƙarfin injinta, sai a rage wa duka huɗun daidai gwargwado don kada hanya ta karkace. Sannan ba a taɓa juya taya fiye da digiri 90, in ana son ta koma baya sai a bar ta yadda take a murza ta da baya. Duk wannan ma an riga an rubuta shi kyauta a cikin WPILib.

Wahalar tana wurin da ƙarfe ya haɗu da waya. Dole kowace taya ta san sifilinta daidai. Ɗaya ta kauce da 'yan digiri, sai ta yi ta jan robot gefe tana faɗa da 'yan'uwanta, wuta na ƙonewa a banza, roba na cinyewa. Injin sitiyarin kowace ƙafa sai an zauna an daidaita shi, in ya yi zafin nama tayar ta riƙa karkarwa, in ya yi sanyi ta riƙa makara. Ku ƙirga na'urorin da ke magana da kwamfuta: masu sarrafa inji takwas, inkoda huɗu, jairo ɗaya, goma sha uku kenan, galibi jere a kan waya biyu kamar carbi. Waya ta kwance a tsakiya, duk na bayanta sun yi shiru. Batir ɗin gasar bolt 12 ne, irin na ƙaramin UPS. Inji takwas su ja wuta lokaci guda, ƙarfinsa ya faɗo wajen bolt 6 da 'yan kai, kwamfuta ta yanke wa injina wuta don ta ceci kanta, robot ya tsaya cak a tsakiyar fili.

Yanzu ku kwatanta ranar da abu ya lalace, domin zai lalace. A tanka mai inji biyu kowane gefe, ɗaya ya mutu, ɗayan zai ja, robot yana ɗingishi amma yana cin maki, kuma sarƙa ta tsinke akwai irinta a wurin mai gyaran babur na bakin get. A suwab injin sitiyari ɗaya ya mutu, tayar ta maƙale a gicciye, ta zama birki. Maye gurbinsa kuma yana wancan gefen teku.

Kuma duk wannan bai kai maganar lokaci ba. Wasan gasa irin wannan kamar minti biyu da rabi ne. Abin da ke raba mai ci da mai faɗuwa a cikin minti biyu da rabi shi ne hannun direba, hannun direba kuwa sa'o'in atisaye ne ke gina shi. Ku buɗe kalandar samista. A tara cikon kuɗi, a sami dala, a yi oda, kaya su taso, su kwana a hannun kwastam a Legas iya kwanakin da Allah ya nufa, a haɗa, a yi waya, a daidaita. Sannan jarrabawa ta shigo, kowa ya ɓace. Direbanmu zai fara riƙe rimot ana saura kwana uku. Tanka kuwa, in mun sa kanmu, cikin mako biyu tana yawo a baranda, sauran watannin duk na hannu ne da atisaye.

Akwai kuma abin da ba a son a faɗa a zama, ni zan faɗa. Abu in ya yi tsada, makulli yake samu. Ranar da kwalin miliyan uku ya iso, zai tafi ɗakin mutum ɗaya, kuma mutum biyu ko uku 'yan ajin ƙarshe ne za su riƙa taɓa shi. Ba don mugunta ba, don tsoro. Wa zai miƙa wa ɗan aji ɗaya inji na dubban ɗaruruwa ya ce gwada haɗa wayar? Sai ƙannenmu su zama 'yan ɗauko sifana da sayo fiya wata, 'yan'uwanmu mata kuma a ba su ɗaukar hoto da rubuta bayanin zama, alhali a cikinsu akwai wadda ta fi rabin kwamitin iya riƙe ƙarfen soda. Baɗi manyan su tafi bautar ƙasa, ɗaya Bayelsa ɗaya Ekiti, su tafi da duk abin da suka sani a kansu. A bar mana ƙafafu huɗu a loka da lambar sirrin kwamfutar da ba wanda ya tuna. Ku zagaya ɗakunan gwaje-gwajen jami'o'in ƙasar nan, Kudu da Arewa, ku ga injinan da aka sayo da tsada suna kwance an lulluɓe su da leda. Yawancinsu haka labarinsu ya fara.

To me ya sa ake ta dagewa? Amsar ta fito daga bakin wani a zaman, kuma na gode masa da bai ɓoye ba. Cewa ya yi: kada mu je a ce aboki ya kawo baro.

Na fahimce shi. Duk wanda ya yi samista ɗaya a nan ya san yadda kalmar nan take sauka a kunne in an faɗe ta da wata irin murya. Ya san kallon da ake maka ranar farko a lakca in ka faɗi jiharka, da mamakin da wasu ke yi in ka ci gwaji, mamakin da ya fi zagi ciwo. Ba zan ce wa kowa ya daina jin zafin wannan ba. Amma ku duba abin da zafin yake shirin sa mu yi. Za mu kwashe kuɗin mutanen da wasunsu garin kwaki suke sha da dare, mu aika Amurka, don mu burge mutanen da wataƙila ma ba su san muna yi ba. Kuma a gaskiya yaran ɗaya ƙungiyar ba abokan gābarmu ba ne. Mitarsu muke ara, su ma suna aron cajarmu, tare muke zagin wutar da ake ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Mai raini a cikinsu ɗaya ne ko biyu, kamar yadda mu ma muke da namu.

Shi mai rainin ma, me zai rufe masa baki? Allon maki. A cikin 'yan kallo babu wanda zai leƙa ƙarƙashin robot ya ƙirga injina. Za su ga wanda ya kai ƙwallo da wanda bai kai ba. In baron namu ya yi ta zuwa yana dawowa yana zuba maki har aka busa, to baro ya yi rana. In kuwa suwab ɗin miliyan uku ya tsaya yana juyi a wuri ɗaya saboda inkoda ta rikice, wannan bidiyon ne zai zagaya kowane guruf a makarantar nan kafin magariba, kuma kun san abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne, wai sayen ne zai nuna mun iya. Ƙafar da wani injiniya a Amurka ya zana, injinsa ya sassaƙa, ya haɗo da takardar da ke cewa noti kaza ya shiga rami kaza. In mun ɗaura ta daidai, mun nuna mun iya bin takarda. Kowane taron ɗaliban Arewa sai an ambaci Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a yi tafi. Da zane ya yi suna, jama'a, ba da oda ba. Kuma mu da muka fito daga yankin da ke da Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, inda mutumin da bai taɓa shiga ajin injiniya ba zai kalli abu sau ɗaya ya ƙera maka irinsa, mu ne muke jin kunyar ƙarfen da aka yi wa walda a gida?

Masu cewa suwab zai taimaka wurin neman aiki, ku yi tunanin ranar ganawa. Za a tambaye ka me ya sa rabon giyar gudu ya zama 6.75 ba 8.14 ba, me aka samu, me aka rasa. Wanda ya saya zai ce haka ta zo. Wanda ya taɓa zama ya auna nauyin robot ɗinsa da ƙarfin injinsa da girman tayarsa zai ce na farkon ya fi gudu, na biyun ya fi ƙarfin turi da saurin tashi, ga kuma dalilin da ya sa na zaɓi wannan.

Ga abin da nake nema a sa a ƙuri'a. Robot ɗin gasa ya zama tanka mai taya shida, da ƙarfe da boris da sarƙa da za mu samu a kasuwar garin nan, abin da babu a aika Ladipo ko Owode Onirin a Legas. A gama ƙasan da wuri, a zuba ƙarfi a hannu, a fitar da direbobi biyu ta hanyar gwaji da agogo, ba ta hanyar girman aji ba. In 'yar aji ɗaya ce ta fi kowa, ita za ta riƙe rimot.

Sannan a ware kuɗi kaɗan, kaɗan fa, a ba masu son suwab su ƙera ƙafa ɗaya tak da hannunsu, a kan teburi. Ba gatse nake yi ba, ni ma ina so a sa sunana. Tayar allon nan mai taya biyu da yaran masu kuɗi ke hawa, injinta a cikinta yake, kuma matattunsu suna nan jibge wurin masu gyara. Injin waifa na mota zai iya riƙe sitiyari a gwajin farko, yana da ƙarfi duk da ba shi da sauri. Akwai 'yar inkodar maganaɗisu AS5600 da ke raba zagaye ɗaya gida 4,096, kuɗinta bai kai na data na wata ba. ESP32 ta isa ta zama ƙwaƙwalwa. Za a ci karo da matsala nan take: tunda injin a cikin tayar yake, wayoyinsa za su nannaɗe in ƙafar ta yi ta zagayawa. Nan dabarar digiri 90 ɗin nan za ta yi amfani, domin ƙafar da ke iya murzawa da baya ba ta bukatar cikakken zagaye, rabinsa ya ishe ta ta nufi ko'ina. Za a ga yadda lakon da ke tsakanin haƙoran giya yake sa taya rawa. Wanda ya buga giya da robar PLA zai gano da kansa cewa tana laushi tun wajen digiri 60 na zafi, kada ya bar ta a bayan mota da rana. Ƙafar za ta fito mummuna, mai nauyi, mai ƙara. Amma duk wanda ya taɓa ta zai san dalilin kowane noti a jikinta, kuma in ta ƙone, mun yi asarar kuɗin da za a iya mayarwa a zama ɗaya. In ta yi aiki, baɗi a yi huɗu.

Su kuma waɗanda ke cewa tun farko robot wasan yara ne, a raba kuɗin kowa ya ci shinkafa, ba da ku nake ba yau, ranarku daban.

Ina roƙon ma'aji kada ya saki ko kwabo kafin zaman Asabar. Masu son saye su zo da takarda mai ɗauke da farashin kowane abu, da kuɗin jirgi, da na kwastam, da ranar da kaya za su iso, da sunan wanda zai gyara in ya lalace ana gobe gasa. Ni ma zan zo da tawa ta tanka, har da kuɗin mai walda. A karanta su a gaban duk wanda ya ba da gudummawa, ba kwamiti kaɗai ba, sannan a ɗaga hannu. Wanda kuma yake da tsohon injin waifa, ko ya san inda mataccen allon nan yake kwance, ya taho da shi.